Mai Kiɗan Da Ba Mu Tambayi Sunansa Ba

A hutun daminar bara, bayan sallar isha'i, ɗan farina ya same ni a tsakar gida ya durƙusa kamar mai neman aure, ya ce yana so in saya masa fiyano. Ƙaramin nan na lantarki yake nufi, irin wanda 'yan kasuwar Damagaram ke kawowa daga Kano. Ya riga ya je ya tambayo kuɗin, kusan rabin albashina na wata. Shekararsa 17, saura masa shekara guda ya gama lise, kuma tun yana ƙarami ni da mahaifiyarsa muka ƙulla a rai cewa likita zai zama in Allah ya yarda.

Ban ko tsaya tunani ba na ce masa, "Gidanmu ba gidan maroƙa ba ne." Sai da maganar ta fita daga bakina na gane ba tawa ba ce. Ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Ita ya faɗa wa wani ƙanena ranar da ya kama shi a bayan rumbu da gurmin da ya haɗa da gwangwanin madara da wayar birki, kuma daga ranar ba a sake ganin gurmin ba.

Yaron bai tashi ba. Kansa a ƙasa ya ce, "Baba, ai akwai wani likita a ƙasar Polan da ya yi kiɗan fiyano, har yau ƙasarsu na alfahari da shi." Ya faɗi wani suna mai wuyar furtawa. Ni kuwa malamin makaranta ne, na fi shekara 20 ina riƙe da alli, kuma na saba idan yaro ya kawo hujja to sai an duba ta kafin a yi watsi da ita. Na ce ya rubuta mini sunan a takarda, ya je ya kwanta.

Sunan mutumin Krzysztof Komeda. An haife shi a birnin Poznan ranar 27 ga Afirilu 1931, kuma sunansa na yanka Krzysztof Trzcinski. Gaskiyar yaron ce, likita ne, ya karanci ciwon kunne da hanci da maƙogwaro. Ya tashi a lokacin da gwamnatin 'yan gurguzu ke mulkin Polan, tana kallon kiɗan jaz a matsayin ƙazantar Amurka, har ta kai masu sonsa a gidaje suke taruwa su yi shi a ɓoye. Shi ya sa ya ɗauki sunan aro, Komeda, don kada abokan aikinsa na asibiti su san shi ne mai kaɗa fiyano da dare. A 1956, da abubuwa suka ɗan sassauta, ya fito da ƙungiyarsa a bikin jaz na farko da aka yi a garin Sopot, sunansa ya fara yawo. Ya tsara kiɗan fina-finai sama da 40, ciki har da na Roman Polanski guda biyu da suka zaga duniya, Knife in the Water na 1962 da Rosemary's Baby na 1968. A watan Disamban 1965 ya shiga ɗakin ɗaukar sauti tare da mai busa Tomasz Stanko da wasu, suka yi faifan Astigmatic, wanda masana ke lissafawa cikin ayyukan da suka ba jaz ɗin Turai murya tasa ta kansa. A ƙarshen 1968 ya faɗi a Los Angeles ya bugu a ka, aka dawo da shi gida bai farfaɗo ba, ya rasu a Warso ranar 23 ga Afirilu 1969, saura kwana 4 ya cika shekara 38.

Abin da ya fi yi mini daɗi a duk binciken shi ne, Komeda ajiye likitancin ya yi ya rungumi kiɗa. Da safe na kira yaron ina murna kamar mai shari'ar da ya kama shaidar ƙarya. Na ce, "To, likitan naka ai guje wa asibitin ya yi. Abin da nake tsoro ke nan." Ya yi murmushi, ya ce, "Na sani, Baba. To saurari wannan, shi na gida ne." Ya danna wayarsa ya ajiye a kan tabarma.

Ban san yadda zan bayyana wa mai karatu abin da ya faru da ni ba. Sauti ne siriri, mai sanyi, yana tafiya yana dawowa, da wani ɗan bugun inji a ƙarƙashinsa kamar tafiyar raƙumi mai kaya. Babu waƙa, babu amshi. Kafin a yi minti guda na bar Damagaram, na koma ƙauyenmu na Damargu, ina ɗan shekara 9, zaune a gindin rumbu ina jiran a fara labarai.

Wanda bai san Damargu ba, ita ce ƙasar da ke arewa da Damagaram a kan hanyar Agadas, Tanut ce babban garinta, kimanin kilomita 150 daga Damagaram, sai Belbeji can yamma wajen kwarin Tarka. Tun zamanin ayari an san ta da hatsi. Abzinawa kan sauko daga duwatsun Abzin su loda gero a raƙuma su koma. A nan Hausawa da Dagirawa da Abzinawa da Fulani suke shan ruwa a rijiya ɗaya, wani lokaci da faɗa, mafi yawan lokaci da wasa. Mahaifina manomi ne, da rani kuma yana awon hatsi a kasuwannin Tanut da Gangara da Belbeji. Babbar dukiyarsa bayan jakuna ita ce wata rediyo da Inna ta ɗinka wa riga da atamfa don ƙura. Ba mai taɓa ta sai shi. In batir ya yi sanyi sai a shanya shi a rana, a ce zai ƙara ƙarfi.

Shekarar da na fi tuna rediyon nan ita ce 1984, shekarar yunwar da wasu ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Damina ta ƙi, gero ya bushe bai kai gwiwa ba, makiyaya suna gangarowa kudu suna sayar da saniya a kuɗin akuya. Kowane dare maza kan taru a ƙofar gidanmu su ji Muryar Sahel, ko za a ce wani abu game da taimakon abinci. Akan yi labarai da Faransanci, da Hausa, da Zabarmanci, da Barbarci, da Fulatanci, da Buzanci, sannan sanarwar rasuwa da ta ɓatan dabbobi. A tsakanin wannan da wancan kuwa, sai a saki wannan kiɗa. A lokacinsa ne ake yin tari, a zuba shayi, wani ya tashi ya kama ruwa. Mahaifina da ke rage murya in an sa wasu mawaƙa don tattalin batir, shi wannan yakan bar shi ya yi ta tafiya. Na taɓa jin ya ce wa abokinsa, "Wannan dai ba ya roƙon kowa."

Mun ji shi dare dubu, mun ji shi a talbijin ɗin da aka kafa a dandalin samariya a Tanut, amma ban tuna ko mutum ɗaya da ya taɓa cewa, wai shin wa ke kaɗa wannan? Mai yiwuwa an faɗi sunan a wani shiri, hankalinmu na wajen farashin tiya. Mu dai a wurinmu "kiɗan rediyo" ne. Ni da ƙuruciya na ɗauka injin gidan rediyon ne ke yin sa da kansa in mai magana ya tafi hutawa.

Ashe mutum ne, kuma yana da suna: Mamman Sani Abdullahi, ko Mammane Sani Abdoulaye kamar yadda ake rubutawa da Faransanci. An haife shi a Akra ta ƙasar Gana, ya girma a Nijar, ya yi boko, ya yi aiki da hukumar UNESCO, aikin da ya sa ya ga ƙasashe. A wajen wani taron hukumar ne ya ga wani wakilin Ruwanda da fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya yi ta lallashinsa har ya sayar masa. Wannan a 1974 ne, shekarar da Seyni Kunce ya karɓi mulki, ƙasa na fita daga babban fari. Ya kawo abin Yamai ya zauna da shi yana koyo.

Abin da ya yi da shi ne ya sa nake wannan rubutu. Da ya so, da ya tsaya ga kwaikwayon waƙoƙin Turawa a otal-otal. Sai ya juya ga abin da ke kunnensa: bugun tende na matan Abzinawa, wato turmin nan da ake rufe wa baki da fata a kaɗa raƙuma su yi rawa, rera waƙar Fulanin Wodaɓe da ke hawa kan juna murya bisa murya, waƙoƙin makiyaya da na dandali. Ya cire kalmomin, ya bar ƙashin waƙar, ya zuba shi a cikin injin. Ya kuma tsara nasa na kansa, kamar wanda ya sa wa suna Salamatu. Ya shiga ɗakin ɗaukar sauti na rediyon ƙasa shi kaɗai da fiyanonsa, ya ɗauki zubi ɗaya, ya dawo ya ɗora na biyu a kansa. Ma'aikatar al'adu ta so a fitar da shi a jerin kaset-kaset na kiɗan zamani na Nijar, shirin bai yi nisa ba, kaset ƙalilan ne suka fita. Sautin dai ya zauna a gidan rediyo da talbijin, ana sakinsa tsakanin shirye-shirye shekara da shekaru.

Sai bayan shekaru sama da 30 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ɗan birnin Portland, mai kamfanin faifai na Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin cikin tarin ajiya a Yamai. Ya nemi mai shi, ya same shi. A 2013 aka sake fitar da aikin da suna La Musique Électronique du Niger, da shekarar 1978 a matsayin lokacin ɗaukarsa. A 2014 aka fitar da Taaritt, ayyukan da ya ɗauka a shekarun 1980 a Nijar da Faransa, a 2015 kuma wasu kaset-kaset nasa na 1981 zuwa 1984 da ba su taɓa fita ba. Aka gayyace shi Turai ya hau dandamali, samari masu jikokin sa'arsa suna tafa masa. Ta wannan doguwar hanya, daga Yamai zuwa Amurka zuwa intanet, kiɗan ya faɗo cikin wayar ɗana, shi kuma ya ajiye mini shi a kan tabarma.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya hana mu tambaya. Ina ganin amsar tana cikin yadda muka tashi muka ga kiɗa. A ƙasar Hausa kowane kiɗa yana da ubangida. Sarki na da tambari da kakaki da makaɗansa, kamar yadda fadar Damagaram ta yi Ma'azu Ɗan Alalo. Mahauta na da kalangu, manoma na da gangar noma, 'yan kokawa da 'yan dambe na da nasu. Mawaƙi kuma ba ya barin a manta da shi: Shata zai kira sunan wanda yake yi wa waƙa, ya kira na makaɗansa, ya kira nasa. Ko ganga ce kaɗai ke tashi, magana take yi, take ne na wani, mai shi ya ji ya miƙe. Kunnenmu ya saba da neman suna a cikin sauti. To ga wani kiɗa ya zo wanda bai wasa kowa ba, bai zagi kowa ba, bai ce ga mai shi ba. Ba mu da inda za mu ajiye shi, sai muka haɗa shi da kukan injin. Abin da mahaifina ya yaba masa, wato rashin roƙo, shi ne kuma ya sa ba wanda ya miƙa masa ko dala.

A nan ne na koma ga likitan Polan da idon da ba na gardama ba. Shi ma yawancin aikinsa babu kalma a ciki, shi ma mutane da yawa sun ji kiɗansa a bayan fim hankalinsu na wajen labari. Bambancin shi ne, a ƙarshen kowane fim an rubuta sunansa. Kamfanin faifai na gwamnatin ƙasarsu, wadda a farko ba ta son jaz, ya buɗe jeri mai lamba mai suna Polish Jazz, ana fitar da faifai ɗaya bayan ɗaya da sunan kowane makaɗi da ranar ɗauka. Astigmatic shi ne na 5, jerin kuma ya haura 70. Shi ya sa mutumin da bai kai shekara 38 ba, yau akwai bikin jaz da ake yi da sunansa a garin Slupsk, kuma yaro a Damagaram zai iya samun tarihinsa cikin minti biyar. Polan ta wancan lokaci ba ƙasar masu kuɗi ba ce, layin burodi ake yi. Sun dai riƙe ɗabi'ar rubuta suna a jikin aiki da adana shi.

Mu ma ba a ce ba a yi komai ba. Zamanin samariya an yi bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976, daga baya aka kafa gasar Ɗan Gurmu don kiɗan zamani, akwai cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu fasaha. Amma ɗabi'ar tamu ta masu sauraro ba ta canza ba. Je ka wajen masu tura waƙa a kasuwar Tanut ka ce a cika maka katin waya, za ka dawo da ɗaruruwan sautuka, rabinsu ba suna sai lamba. Haka kiɗan wani matashin Yamai da ake kira Hama ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, shi ma fiyano ne ba waƙa, mutane na ji ba su san mai shi ba, har sai da kamfanin nan na Portland ya fitar masa da faifai mai suna Torodi a 2015. Sau biyu ke nan baƙo na zuwa ya nuna mana abin da ke cikin ɗakinmu. Ban ga laifin baƙon ba, ya kyauta. Kunyar tamu ce.

Kada mai karatu ya ɗauka daga jin kiɗan nan na tashi na nufi kasuwa. Tsorona yana da tushe. Na san samari da yawa da suka bar karatu suka shiga ɗakunan haɗa waƙar fiyano, yau ba su ga tsuntsu ba su ga tarko, domin waƙar da aka kwana uku ana haɗawa, da safe an tura ta kyauta. Na kuma san malamanmu sun yi magana a kan kiɗa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa, ni kuwa ba mai ba da fatawa ba ne. Sai dai da na zauna na auna kaina, na ga ba ɗayan biyun nan na faɗa wa yaron ba. Ban ce masa zai talauce ba, ban ce masa haramun ne ba; mutumin da Shata ke tashi a wayarsa kullum ba shi da bakin faɗar haka. Cewa na yi mu ba maroƙa ba ne. Maganar asali ce, ta raina wanda muke jin daɗin aikinsa. Muna so a yi mana kiɗa ranar biki da ranar suna, muna so ya raka mu a daren yunwa, amma kada ɗanmu ne ya yi shi.

Da Sallar layya muka tafi Belbeji gaishe da Inna, can take zaune wajen ƙanena tun bayan rasuwar mahaifinmu. Belbeji ta zama gari mai cin gashin kanta tun 2011 da aka raba ta da Tanut, amma hanyar tana nan yadda na san ta, mota na nutsewa a rairayi ana fitowa a tura. Bayan an ci nama an natsu, na ce wa yaron ya sa wa kakarsa abin nan. Idonta ya yi rauni, kunnenta kuwa lafiya lau. Ta saurara kaɗan sai ta ce, "Kai, rediyon Malam!" Haka take kiran mahaifina. Can da aka shiga wani zubin ta fara kaɗa kai, ta ce wannan ai bugun tende ne, irin wanda matan Buzaye ke yi in sun sauka bayan gari da kaka, har ta kwatanta yadda suke tafi. Na ce mata, "Inna, mutum ne fa ke kaɗa shi, sunansa Mamman Sani." Ta ce, "Ikon Allah. Yana da iyali?" Na yi dariya, don ita ce tambayar farko da wani a gidanmu ya taɓa yi game da shi. Ƙanena mai gurmin gwangwani yana gefe yana gyara tsire, bai ce uffan ba, ni ma ban iya haɗa ido da shi ba.

Inna ta juya ga jikanta ta ce, "Kai kuma maigidana, an ce kai ma kiɗan kake so? To in ka koya ka zo ka yi mini, in ba ka tukuicin fura."

A hanyar dawowa muka yi yarjejeniya. In ya ci jarrabawar bakaloriya zan saya masa fiyanon, karatu kuma ba fashi. Sharaɗi na biyu nawa ne: duk hutu zai je Belbeji ya zauna da kakarsa ya ɗauki waƙoƙin daka da na niƙa da na reno da take iyawa, tun da injin niƙa ya kusa kashe su, kuma a jikin kowace zai rubuta sunanta, da sunan wadda ta koya mata, da garin, da ranar. Ya riga ya cika rabin littafi. Ko zai zama likita, ko makaɗi, ko duka biyun, wannan sanin Allah ne, kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu farar rigar asibiti nake masa fata.

Kai kuma mai karatu, in ka taɓa zama gindin rediyo a Nijar a shekarun 1980, nemi kiɗan Mamman Sani ka saurara, ina kyautata zaton za ka gane shi tun kafin ya yi nisa. In ka tura wa wani, ka tura da sunan. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya shirya mana zuriya.